An kama ƙanena kan kuɗin motar da ake bi na, na biya beli: in kai ƙara ko in haƙura?

Ɗan Gwari Mile 12

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Na daɗe ina karanta ku ban taɓa tofa albarkacin bakina ba, yau da na ga uwar bari ga ni na zo.

Ni mutumin Kura ne ta jihar Kano, shekarata 14 ina dillancin kayan gwari a kasuwar Mile 12. Makonni uku da suka wuce aka yi mana lodin tumatir daga gida, ni da wasu mutum biyu. Giyar motar ta lalace tsakanin Mokwa da Jebba, ta kwana biyu a gefen titi cikin rana. Wanda ya san tumatir ya san abin da kwana biyu ke nufi. Da aka yaye tamfol a Legas ruwa ne ke tsiyaya ta ƙasan bodi, warin har layin 'yan albasa. Ɗan abin da muka tsince, matan da ke sayen fasasshe suka kwashe a wulaƙance. Na ba mai motar rabin kuɗin dakonsa, na riƙe naira 350,000, na ce sai mun zauna a ofishin ƙungiya an raba asara. Ya ce shi bai san wannan ba. Kuma tun kafin wani ya fara zagin Yarabawa, mai motar Bahaushe ne, masallaci ɗaya muke sallah.

Ranar Talata ina Ketu wajen karɓar kuɗi aka kira ni, wai 'yan sanda biyu sun zo rumfa tare da mai motar, ba su same ni ba, sun tafi da Sadisu. Sadisu ƙanena ne uwa ɗaya uba ɗaya, shekararsa 19, watansa biyar a Legas, ko buroka bai gama ji ba. Aikinsa ƙirga kwanduna yana zana wa da alli. Bai taɓa ganin kuɗin motar da idonsa ba.

Na same shi a bayan kanta, an karɓe masa takalmi da waya, yana zaune a ƙasa ya haɗa kai da gwiwa. A bangon da ke saman kansa an rubuta da manyan baƙaƙe cewa beli kyauta ne. To a ƙarƙashin wannan rubutu muka yi ciniki. IPO, wato ɗan sandan da ke binciken maganar, ya ce laifin zamba cikin aminci ne, ya sa suna dubu 100. Na ce ranka ya daɗe, ni asara na yi, na taya 20. Ya rufe fayil ya ce in dawo gobe. Wallahi yadda nake yi wa matan Ikorodu a kan kwando haka ya yi mini, har da tashi ya yi kamar zai tafi. Washegari muka daidaita a dubu 40. Na ce in tura ta waya, ya ce a'a, ya nuna mini wata yarinya mai POS a ƙarƙashin lema daura da ƙofa. Ban da dubu 2 na takarda da biro, da dubu ɗaya kafin a miƙa wa yaron shinkafar da na saya masa.

Har yanzu wayar Sadisu na hannunsu. An ce in riƙa zuwa duk Litinin, kuma akwai takardar da ake so in sa wa hannu cewa zan biya kuɗin a kashi uku ta hannun ofis, su cire nasu. Yaron tun da ya fito ba ya magana sosai, cewa kawai yake a sa shi a mota.

Kawuna ya ce in bar wa Allah, wai mai zaman ruwa ba ya gaba da kada. Amma tun zanga-zangar EndSARS, ta neman rushe rundunar 'yan sanda ta SARS, muke jin an yi gyara, an yi sabuwar doka, akwai wurin kai ƙara. Shin akwai wanda ya taɓa kai ƙarar ɗan sanda a garin nan ya ga amfaninta da idonsa? Ko in biya kawai in huta?

Baban Khalifa, Agege

Wa alaikumus salam. Allah ya mayar da alheri, ɗan'uwa. Kawunka ya riga mu ganin rana, ka ji maganarsa.

Ni acaɓa na yi shekara tara. Da aka hana babur a ƙananan hukumomi shida ranar 1 ga Yunin 2022 na bar can gaba ɗaya, na dawo inda dokar ba ta shafa ba. Duk da haka aka tare ni wata safiya aka jefa mashin ɗina a mota. Na bi shi kwana huɗu, na kashe abin da ya kusa rabin kuɗinsa, daga ƙarshe aka ce an riga an wuce da shi. Yanzu gadi nake yi. Wa zan kai wa ƙara? Ɗan sanda zan kai wa ƙarar ɗan sanda?

Gyaran da kake magana kuwa, ai muna nan aka yi. Ranar 11 ga Oktoban 2020 Sufeto Janar Mohammed Adamu ya ce an rushe SARS, bayan kwana biyu aka ce an kafa SWAT a madadinta. Tsugune ba ta ƙare ba, an sayar da kare an sayi biri. Ranar 20 ga wata kowa ya san harbin da aka yi wa masu zanga-zanga a Lekki. Kuma mu faɗi gaskiya, a lokacin da yawanmu cewa muka yi rigimar yaran Kudu ce masu tsadaddun wayoyi, gwamnonin Arewa ma suka fito suka ce su ba su goyi bayan rushe SARS ba. To ga shi nan.

Kai rumfarka ba ta tashi, sun san inda kake kullum. Ka lallaɓa ka karɓo wayar yaro, ka sa shi a mota.

Barista Hauwa

Malam, sannu da wannan jarrabawa. Ni lauya ce a Ikeja, haihuwar Idi-Araba. Don Allah kada ka sa hannu a wannan takardar, sauran bayani ya biyo baya.

Abu biyu aka yi maka, kuma kowanne doka ta hana shi ƙarara. Dokar 'Yan Sanda ta 2020, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a watan Satumba na shekarar ta maye gurbin ta 1943, ta ce a sashe na 36 ba a kama wani a madadin wanda ake zargi. Ko da kai ɗin ka yi laifi, ba ruwan Sadisu. Sashe na 32 kuma ya ce ba a kama mutum don bashi ko saɓa alkawarin ciniki kawai. Su ma sun san da haka, shi ya sa ba su rubuta bashi ba, suka rubuta zamba cikin aminci. Sai an sa wa bashi rigar laifi kafin ya iya shiga caji ofis. Kotuna sun sha faɗa cewa karɓar bashi ba aikin ɗan sanda ba ne, kuma wanda ya yi amfani da su don haka shi ma ana iya haɗawa da shi a ƙara. Sashe na 35 na tsarin mulki ya ba duk wanda aka tsare ba bisa ƙa'ida ba haƙƙin diyya da neman afuwa a bainar jama'a.

Yau da daddare ka zauna da Sadisu ku rubuta komai: rana, lokaci, sunan da ke ƙirjin rigar jami'in, wa ya ce me. In takardar POS ɗin nan na wurinka ka adana ta kamar takardar fili, domin tana ɗauke da rana da lokaci da adadin kuɗi. Litinin kada ka je kai kaɗai. Ka je da lauya, ko aƙalla da sakataren ƙungiyarku riƙe da wasiƙa zuwa ga DPO, shugaban caji ofis ɗin, a buga muku hatimi a kan kwafinku. In ba ka da kuɗin lauya, gwamnatin Legas na da ofishin lauyoyi masu kare talaka kyauta, OPD, tun shekarar 2000. Akwai kuma sashen karɓar ƙorafi na rundunar, CRU, da aka kafa a 2015 zamanin Sufeto Janar Solomon Arase. Suna karɓa ta waya da WhatsApp, suna ba da lambar bin diddigi. Hukumar Kula da Ayyukan 'Yan Sanda, PSC, ita ma tana ladabtarwa.

Maganar kuɗin mota kuma tana nan daram, kada ka ɗauka ta mutu don an yi maka ba daidai ba. In ƙungiya ta kasa, ku je Citizens' Mediation Centre, sulhu ne kyauta a ƙarƙashin ma'aikatar shari'a ta jiha. Ko shi mai motar ya je kotun ƙananan ƙararraki da Legas ta buɗe a 2018, tana sauraron abin da bai wuce naira miliyan 5 ba, an tsara a gama cikin kwana 60, mutum na iya tsayawa da kansa ba lauya.

Ba zan yaudare ka ba. A abin da nake gani a aikina, waya tana dawowa, zuwan Litinin yana tsayawa, amma kuɗin da ya shiga aljihu da wuya ya fito. Ko kotu ta yanke diyya a kan 'yan sanda, karɓo ta wani yaƙin ne daban.

Baban Khalifa, ban ƙi taka ba, amma ba haka abin yake ɗari bisa ɗari ba. Ranar Kirsimetin 2022 wani jami'i mai suna Drambi Vandi ya harbe Bolanle Raheem a Ajah, kafin shekara ta zagayo, a Oktoban 2023, babbar kotun Legas ta yanke masa hukuncin kisa. Na san za ka ce ai ita lauya ce, ƙungiyar lauyoyi ta tsaya mata. Gaskiya ne. Amma ku ma kuna da ƙungiya, ba don rabon katin shaida kawai aka kafa ta ba.

Tsohon Sufeto

Salamu alaikum. Na san za a zage ni, a bismillah, na saba. Na shiga aikin ɗan sanda a 1989 ta kwalejin Kaduna, na ajiye kaki bayan shekara 35, goma sha ɗaya daga ciki a Legas na yi su.

Ɗana mai tumatir, dubu 40 ɗin nan kada ka zaci ta kwana a aljihun IPO ita kaɗai. Akwai kason na sama da shi, na saman ma yana da nasa na sama. Wurin aiki mai maiƙo ba a samun sa haka nan, kuma wanda ya biya aka tura shi dole ya fanshe. Wanda ya ƙi kawowa sai ya tsinci kansa yana gadin ƙofa. Ba sirri nake tonawa ba, ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta Human Rights Watch ta rubuta wannan duka a rahotonta na 2010. Sannan takardar da kuka saya, ban yi mamaki ba. Na yi aiki a ofishin da man motar sintiri, da ƙwan fitila, da kuɗin kai mai laifi kotu, duk daga kanta suke fitowa. Takalmin aiki na sha sayensa da albashina. Ban ce wannan ya halatta komai ba. Ni ma na karɓa, ina roƙon Allah gafara, ba zan zo nan da furfura in yi muku ƙarya ba.

Gyara kuwa na ga iri-iri. A farkon 2002 ƙananan 'yan sanda suka yi yajin aiki saboda haƙƙoƙinsu, abin da ba a taɓa gani ba. Aka kawo Tafa Balogun a matsayin Sufeto Janar ya gyara, shi kuma a 2005 aka ɗaure shi wata shida kan dukiyar da ya kwasa. A 2012 Sufeto Janar M.D. Abubakar ya ce a ɗebe shingaye daga kan tituna, kuma an ɗebe, direbobi sun sarara na ɗan lokaci, sannu a hankali itace da tayoyi suka koma inda suke. A Janairun 2013 gidan talabijin na Channels ya nuna yadda kurata ke kwana da cin abinci a kwalejin Ikeja, har Shugaba Jonathan ya je da kansa ya gani. Yaron da ka horar a wannan hali, ka miƙa masa bindiga, me kake tsammani? An yi asusun tallafa wa 'yan sanda a 2019, Legas ma tana da nata asusun tsaro tun 2007 mai sayen motoci. Mota kan zo sabuwa fil, man da za a zuba mata ne ba a aiko da shi. Ga fansho. A Yulin 2025 tsofaffin 'yan sanda suka fita zanga-zanga a Abuja suna neman a cire su daga tsarin fanshon karo-karo kamar yadda aka cire sojoji. Mai kaki yana kallon yadda na gabansa suka ƙare, sai ya ce bari in tara tun da sauran ƙarfi.

Masu cewa 'yan sandan jihohi ne magani, ni dai mahaifina ɗan doka ne a zamanin En'e, ya ba ni labarin yadda ake tura su kamo 'yan NEPU. A yi, amma a san wa zai riƙe linzamin.

Shawarar Barista ita ce daidai. Mai kaki ba ya tsoron ihu, ba ya tsoron Allah ya isa, ya ji ta sau dubu. Takarda mai hatimi da aka aika kwafinta sama, ita ce ke hana shi barci.

Amma ina da tambaya gare ka da sauran 'yan kasuwa. Duk shekarun da na yi a kanta, wa ke kawo mana maganar bashi? Mu muke bin kasuwa muna tambaya wa ake bi? Ku ne kuke zuwa, ku ajiye na mai, ku ce a ɗan tsorata shi. Kai tsakaninka da Allah, ba ka taɓa yi ba?

Direban Tirela

Baba Sufeto, Allah ya gafarta mana baki ɗaya, amma uzurin nan na man mota mun gaji da shi. Ni Kano zuwa Legas nake yi. Kafin in tayar da mota sai an ware kuɗin hanya daban, canji ƙanana a cikin leda kusa da giya, yaron mota yana miƙawa ko tsayawa ba ma yi. Ba 'yan sanda kaɗai ba, kowa da sandarsa. A Fabrairun 2021 da ƙungiyar dillalan abinci da shanu ta hana kaya sauka Kudu bayan rikicin kasuwar Shasha ta Ibadan, har da wannan tatsa a cikin kokensu. An zauna, an yi alkawari, an janye. Ledata dai har gobe tana nan. Duk abin da na miƙa kuwa a kan kwandon mai gwari yake ƙarewa.

Ɗan Gwari Mile 12

Jama'a na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Na yi shiru ne sai na ga yadda Litinin za ta kaya.

Baba Sufeto, ka taka ni a inda ke ciwo. Na yi. A 2022 wani mai kai wa gidajen abinci kaya ya riƙe mini dubu 90 wata huɗu, na kai dubu 15 aka ɗauko shi daga gida gaban 'ya'yansa. Kafin magariba matarsa ta kawo kuɗin, ban tambayi inda ta samo ba, ban kuma tambayi nawa suka biya kafin ya fito ba. Har alfahari na yi a rumfa cewa ni ba a cin kuɗina. Wallahi sai da na karanta tambayarka fuskar mutumin ta dawo mini.

Ranki ya daɗe Barista, mun bi maganarki. Wani yaron lauya da ke sallah a masallacinmu ya rubuta wasiƙar, shafi ɗaya, ya sa sassan nan biyu da kika ambata. Sakataren ƙungiya ya sa babbar riga muka tafi. A kanta an so a karɓa ba hatimi, sakatare ya ce to a ba mu abarmu mu kai ofishin kwamandan yanki. Sai ga hatimi ya fito daga aljihun tebur. Mun zauna a benci fiye da awa biyu. IPO ya wuce mu sau uku bai kalle ni ba, a na huɗu ya tsaya ya ce da buroka, aboki wa ya koya maka wannan? Na ce ranka ya daɗe, ni tumatir kawai na sani.

DPO bai ɓata minti biyar da mu ba. Ya ce maganar kasuwa ce, a koma kasuwa, ya sa aka kawo wayar. Gilashinta ya tsage, amma ita ce. Takardar kashi uku ba wanda ya sake ɗaga ta. Dubu 40 ma ba wanda ya ɗaga, har da ni, bakina ya yi nauyi a gabansa. Muna fita wani kofur a ƙofa ya ce ba na ruwa? Sakatare ya ba shi ɗari biyar kafin in ce uffan.

Jiya muka zauna a ofishin ƙungiya da mai motar. Dattawa suka yanke in ba shi dubu 200, ya yafe sauran, na ba shi 120 a take. Ashe shi ma dubu 25 ya kai kafin a zo rumfata, da ya faɗa sai da kowa ya yi dariya, shi bai yi ba. Sadisu zai tafi gida ranar Juma'a, kuma motar da za ta koma da kwanduna ita ce wadda ta lalace a Mokwa. Na ce ya jira wata, ya ce ko a kan kwando ne zai hau.

Saura maganar CRU. Kawu ya ce tunda ƙura ta lafa kada in tayar da ita, Baban Khalifa ma na san abin da zai ce, kuma rumfata ba ta tashi kamar yadda ya faɗa. Ban yanke ba tukuna. Amma Barista, takardar POS ɗin tana cikin walat ɗina, na duba ɗazu na ga zufa ta fara cinye rubutun, adadin kuɗin ne kawai ke fita sosai. Hoton da na ɗauka da waya tun ranar da kika faɗa zai wadatar, ko sai na koma wurin yarinyar ta sake fitar mini da wata?